Garin da ake ginawa a rushe cikin mako guda: wa kamara ke bi?

Mai Kamara na Zariya: Assalamu alaikum mutanen zaure, daga unguwar Zariya a nan Maradi. Shawara nake nema, ba gardama ba, ko da yake na san halinku. Akwai wani biki da ake yi a hamadar Nebada ta Amurka, sunansa Burning Man, kuma fina-finan gaskiya da aka yi a kansa sun cika intanet. Mutum wajen dubu 70 su shiga fili fetal, babu ruwa babu itace, su kafa gari da tituna da unguwanni, su gina manyan abubuwa na katako da ƙarfe, su kwana kamar mako guda, su banka wa wasu wuta, su kwashe komai su tafi. Abin da ya dame ni shi ne duk finafinan kusan abu ɗaya suke nunawa: wuta, ƙura, rawa, sai wani ya fuskanci kamara ya ce rayuwarsa ta canza. Ni sana'ata ɗaukar biki da suna, kun sani. Ina so in yi fim na gaske a kan Kokowar ƙasa ta Nijar ko bikin makiyaya na In-Gall, amma ba na so ya fito kamar waɗannan. Ta ina zan kama?

Ɗan Manga: Wa alaikumus salam. Ka kama ta wajen biyan bashin memori da ka ci a kasuwa tukuna.

Mai Kamara na Zariya: Allah ya shirye ka. Masu hankali nake jira.

Direba a Amurka: Ƙanena, bari in ɗan gyara maka hoton, don a nan ana yawan zancen bikin. Ya fara ne a 1986 a bakin teku a San Faransisko, wani Larry Harvey da abokinsa suka ƙona mutum-mutumin katako, mutane kaɗan suka taru kallo. A 1990 aka mayar da shi hamadar Black Rock. Ana yinsa ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Satumba. A cikin garin ba a saye ba a sayarwa, in ban da ƙanƙara, kowa ya zo da ruwansa da abincinsa, abin da ya ba wani kyauta ce. Wannan shi ne abin da masu fim ke so su yi ta nanatawa, wai gari babu kuɗi. Amma tikitin shiga kaɗai ya haura dalar Amurka 500, ban da kuɗin mota, ban da tanti, ban da guzurin mako. Kuɗin yana nan, an dai kashe shi ne kafin a iso ƙofa. Wanda ke aikin yini a gidan abinci ba ya zuwa can.

Malam na Bagalam: Subhanallahi. Mutane su tara dukiya su gina gunki su ƙona, ana rawa tsirara, mu kuma mu zauna muna nazarinsa? Ni ban ga abin koyi a nan ba, Mai Kamara. Ka nemi wani misalin.

Mai Kamara na Zariya: Allah ya gafarta Malam, ba bikin nake son kwaikwaya ba. Yadda ake ɗaukarsa nake kallo, don in san abin da zan guje wa.

Ɗalibar Jami'a: Malam, da izininka. Ni ma ba na sha'awar abin da ake yi can, amma tambayar Yaya Mai Kamara tana da ma'ana. Duk inda dubban mutane suka sauka a fili na ƴan kwanaki, akwai tambayoyin da ba sa canzawa: wa ya kawo ruwa, ina ake zagayawa, wa ke raba faɗa, wa ya share bayan an watse. Ko Mina ta alhazai gari ne na ƴan kwanaki.

Malam na Bagalam: A'a ƴata, kada ki haɗa Mina da wannan. Can ibada ce da Allah ya wajabta, nan wasa ne. Ko a baki kada a jera su.

Ɗalibar Jami'a: Na ji Malam, ban jera su a daraja ba. Maganar tantuna da ruwa kawai nake yi. Na bar ta.

Tsohon Mushe: Ku bar mushe, tsohon malamin makaranta, ya sa baki, tun da na girme ku duka a zauren nan. Mai Kamara, matsalar da ka gani tsohuwa ce. Fim ɗin da ya buɗe wannan hanya shi ne na Woodstock, bikin kaɗe-kaɗe da anka yi a gonar wani mai shanu a jihar New York a 1969, mutum wajen dubu 400. Fim ɗin ya fito a 1970, ya ci kyautar Oscar, kuma tun daga nan duk mai ɗaukar biki salonsa yake bi: mawaƙi a dandali, taro daga sama, laka, matasa suna murna. Amma ka lura da abu guda. A cikinsa akwai wani dattijo mai aikin kwashe bayan gida, sun tsaya sun yi hira da shi yana cikin aikinsa. Mutane da yawa da sunka kalli fim ɗin sun fi tuna shi da wasu mawaƙan. To daga baya mutumin nan ya kai masu fim ƙara kotu, ya ce an sa shi a fim ɗin kasuwa ba tare da ya san inda hoton zai je ba, an mai da shi abin dariya. Ka ga abu biyu ke nan a wuri ɗaya. Wanda ya fi cancanta a nuna shi ne ma'aikacin, kuma shi ne wanda ya fi saurin cutuwa idan an nuna shi.

Mai Kamara na Zariya: Baba Mushe, wannan ban san shi ba. To ke nan in bar masu aiki in bi ƴan kokowa kawai?

Tsohon Mushe: Ban ce ba. Cewa na yi ka tambaye su, ka gaya musu gaskiyar inda hoton zai tafi.

Ƴar Mai Tuwo: Ni dai tun ɗazu ina karantawa, yanzu an zo wajena. Innata tana cikin matan da ke kafa rumfa a bayan filin kokowa duk lokacin da gasar ta zo Maradi. Ku da kuke kallo a tele kuna ganin kirari da kaye da gwamna a kujera. Mu abin da muka sani shi ne tun kafin a fara, Inna ta ci bashin buhun shinkafa da na masara da jarkar mai, ta sayi itace, ta ɗauki yara biyu masu wanke-wanke. Asuba ta fari take hura wuta. Ruwa kuwa ƴan ga-ruwa ke turo shi a kura, kuma ranar da taro ya cika farashinsa ba ya zama yadda aka saba. Akwai baƙin da za su ci kwana da kwanaki su ce sai ranar ƙarshe, ranar ƙarshe kuma motarsu ta tashi ana cikin hayaniyar miƙa wa zakaran gasar takobi. Wata shekara ta samu, wata shekara sai ta sayar da akuya ta biya mai shinkafa. Masu kamara sun sha zuwa rumfarta, amma abin da suke ɗauka tururin tukunya ne da hannunta tana kwasa, na daƙiƙa uku, a sa kiɗa a kai. Ba wanda ya taɓa tambayarta nawa ta zuba nawa ta kwasa. Idan fim za ka yi, Yaya, ga fim nan.

Ɗan Manga: Hajiya ƙarama ta gama magana. A rufe zaure.

Direba a Amurka: Ƙanwata, labarin innarki ya faru a wani wuri, kuma fim ne ya fito da shi. A 2017 wasu suka tallata wani bikin masu kuɗi a tsibirin Bahamas, Fyre, suka karɓi kuɗin mutane, aka zo aka tarar babu komai sai tantunan agaji da burodi. Wanda ya shirya abin har gidan yari ya je. A 2019 fina-finai biyu suka fito a kai. Mafi yawan ƴan kallo dariya suke yi wa ƴaƴan masu kuɗi, amma a ɗaya daga ciki an nuna wata mai gidan abinci ta tsibirin wadda ta ciyar da ma'aikata ba a biya ta ba, har ta kwashe ajiyarta ta biya yaranta. Bayan fim ɗin mutane suka tara mata kuɗi ta intanet, fiye da abin da ta yi asara. Da ba a zauna da ita an bar ta ta yi magana ba, da ba wanda ya san tana duniya.

Ƴar Mai Tuwo: Allah sarki. Mu ba ma tara kuɗi muke nema ba, a dai san cewa taron ba da kansa yake ciyar da kansa ba.

Bafillacen Dakoro: Sannunku. Ni wajen In-Gall zan yi magana, tun da Mai Kamara ya ambace shi, kuma dangin mahaifiyata Wodaɓe ne. Ka yi hattara da wannan, ɗan'uwa, don babu mutanen da kamara ta cinye a ƙasar nan kamar su. Ka rubuta Nijar a intanet ka nemi hoto, abin da zai fara fito maka saurayi ne da jan fenti a fuska yana zare ido yana nuna haƙora. Bajamushen nan Werner Herzog ya yi fim a kansu a 1989, ya buɗe shi da samari suna rawa, ya ɗora waƙar coci ta Turawa a kai, ba muryarsu ba. Ban ce fim ɗin ƙarya ba ne, ya ma taɓo maganar fari da ya kashe musu shanu. Amma abin da duniya ta riƙe shi ne fuskar. Tun daga nan kowane baƙo da ya zo fuskar yake nema.

Abin da ba a nunawa: mutane ba don rawa suke hawa arewa ba. Ƙarshen damina ne, ana kai dabbobi filayen da ke da gishiri da ciyawa wajen In-Gall da Tegidda, su sha su lasa su murmure kafin rani. A nan dangin da suka rabu wata da watanni ke haɗuwa, a yi suna, a ɗaura aure, a sasanta rikicin rijiya, a ba wanda ya rasa garke saniyar aro ya tayar da nasa. Gerewol, wato rawar kwalliyar samarin nan, yana cikin wannan, ba shi ne dalilin ba. Kuma na kwana ukun da hukuma ke shiryawa a cikin gari, da rumfa da jawabai da ministoci, daban yake da wanda zuri'a biyu ke yi wa juna a daji.

Ɗan Manga: Wato bawana yana so ya ce ba kwalliya kawai suka iya ba. Mun ji. Amma wa ya hana ku ɗaukar kanku? Ko wayar ma sai mun saya muku?

Bafillacen Dakoro: Babarbare ke nan, wanda ba ya gane saniya sai a cikin miya. Ai samarin yanzu suna ɗauka, wayoyinsu cike suke, suna tura wa juna ta WhatsApp. Kuma ka kalli abin da suke ɗauka: shanu, wa ya zo wa bai zo ba, tsoho yana magana minti goma ba a yanke ba. Ba irin na baƙi ba ne ko kaɗan. Matsalar ita ce ba mai tarawa, waya ta faɗa ruwa shi ke nan.

Ɗalibar Jami'a: Wannan maganar ta tarawa ita ce ta fi ci mini rai. A 1969 ɗin nan da Baba Mushe ya ambata, baƙaƙen fata na unguwar Harlem sun yi nasu bikin, makonni ana yi, dubban ɗaruruwan mutane, manyan mawaƙansu duk sun hau. An ɗauki komai da kamara mai kyau. Kaset ɗin suka zauna a ɗakin ajiya kusan shekara 50, don masu kuɗin fim ba su ga riba a ciki ba. Sai a 2021 aka fitar da shi da sunan Summer of Soul, ya ci Oscar. A ciki akwai waɗanda suka halarta suna yara, aka nuna musu hoton sun tsufa, suna kuka. Su dai an samu wanda ya ajiye. Mu fa? Ina hotunan gasar kokowa ta farko?

Tsohon Mushe: Ta 1975 a Tawa, wadda Kantu namu ya ɗauko takobi. Shi ya sa filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. Mu a rediyo munka ji ta, ana taruwa gindin akwati ɗaya unguwa guda. Sannan zamanin Shugaba Kunce akwai bikin matasa na ƙasa, samariya ta kowace jiha ta zo da wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, ana zagaya garuruwa da shi. A makarantu anka riƙa saukar da baƙi, a kwashe tebura a shimfiɗa tabarmi, matan unguwa su yi girki. Ni na yi aikin raba abinci a irin wannan sauka. Abin da ya rage a hannun mutane yanzu waƙoƙin ne, su ma a bakin tsofaffi. Yadda anka ciyar da mutanen, yadda unguwa ta karɓi baƙi, duk yana kan waɗanda sunka yi, kuma muna ta raguwa.

Malam na Bagalam: Mushe, a nan na yarda da kai, tarihi abin ajiyewa ne. Amma ina da sharaɗi ga yaron nan. Garin nan ba ya son a zo masa da abin da bai nema ba. Kun tuna 2000, da aka yi bikin nunin tufafi na FIMA a Yamai, har nan Maradi sai da aka yi tarzoma a kai, aka yi ɓarna. Ban goyi bayan ɓarna ba, amma masu shirya irin waɗannan taruka suna yi kamar mutanen gari ba su da ra'ayi. Idan za ka yi fim, ka sa har da wanda ba ya son bikin. A kokowa ma akwai layu da tsafe-tsafe da caca da malamai suka daɗe suna magana a kai. Kada ka ɓoye.

Mai Kamara na Zariya: Malam, ka yarda in zo in ɗauke ka kana faɗin haka?

Malam na Bagalam: Murya dai. Fuska a'a.

Ɗan Manga: An fara ciniki.

Direba a Amurka: Maganar Malam tana da ƙarfi fiye da yadda kuke zato, kuma ita ce finafinan Burning Man suka fi kasawa a kai. Kusa da filin akwai wani ɗan ƙauye, Gerlach, mutanensa ba su fi ƴan ɗaruruwa ba. Hanyar da dubban motocin ke bi kuma ta ratsa ƙasar ƴan asalin wurin, ƙabilar Paiute. Wasu suna samun ciniki, wasu kuma abin da suke gani cunkoso ne da buhunan shara da aka yar a bakin hanya. Bikin yana alfahari da cewa ba ya barin ko tsinke a fili, kuma gaskiya ne akwai ma'aikata da ke zama makonni bayan an watse, su jeru sahu suna tafiya suna tsintar ƙusa da ɗan zare, don hukumar filayen gwamnati tana zuwa dubawa kafin ta sake ba da izini. Amma sharar da ta bar filin ai wani wuri ta sauka. A 2023 ruwan sama ya mai da wurin laka, aka rufe hanya, mutane suka maƙale kwanaki, motocin kwashe bayan gida ma suka kasa shiga na wani lokaci. A ranakun nan ne kowa ya gane su wa ke riƙe da garin.

Ɗalibar Jami'a: Amma Yaya Direba, in yi musu adalci ta gefe ɗaya. Suna da dokar kamara mai tsanani. Sai ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi, mai aikin jarida ko fim sai ya yi rajista, kuma ba ka da ikon sayar da hoton yadda ka ga dama. Mu a nan baƙo zai sauko daga mota ya cusa kamara a fuskar yarinya ba ko sallama.

Bafillacen Dakoro: Dokar tana kare su ne don su masu kuɗi ne, suna da lauyoyi, ba sa so shugabansu a wurin aiki ya gan su. Kakata wa zai kare ta? An taɓa nuna mana hoton wata gwaggona a bangon wani littafi, ita ba ta ma san an buga ba.

Alhaji Mai Shago: Ni duk wannan falsafar ba ta dame ni ba. Tambaya ɗaya: wa zai saya? Yaro zai bar ɗaukar biki inda ake ba shi jaka talatin a yini, ya bi mai tuwo wata guda. In ya gama ya kai wa wa? Mutanenmu fim ɗin Kano suke kallo, da kaye. Ka yanka kaye goma masu kyau ka sa a TikTok, ka fi samun mutane.

Mai Kamara na Zariya: Alhaji, gaskiya ce mai ɗaci, amma kayen ai kowa na da shi. Tele Sahel tana nuna gasar kai tsaye daga farko har ƙarshe, ƴan kokowa 80 daga jihohi 8, ga masu waya dubu a cikin fili. In na ƙara nawa me na ƙara?

Tsohon Mushe: Alhaji, ba a rasa masu kallo ba. Sani Magori, ɗan Galmi, ya yi fim a kan albasa a 2008, da Hausa, a garinsu. Albasa fa. Bai bi kasuwar duka ba, gida ya bi, inda auren ƴa ke jiran abin da gona za ta bayar da farashin da za a samu. Fim ɗin ya zagaya ƙasashe ya ci kyaututtuka. Aisha Maki ta yi nata a kan matasan Kara-Kara a Damagaram a 2021, shi ma ya fita duniya. Abin da ya haɗa su shi ne sun zauna da mutanen har kamara ta daina ba su kunya. Baƙo mai kwana uku ba zai iya wannan ba, ko da kamararsa ta kai kuɗin gida. Kai kuwa nan kake, rumfar innar yarinyar nan da ƙafa za ka je.

Alhaji Mai Shago: Su ai Turawa suka ba su kuɗi.

Tsohon Mushe: An taimaka musu, ba musu. Amma ba a taimaki wanda bai fara ba.

Ƴar Mai Tuwo: Ni akwai abin da ban yarda da shi ba a maganar Yaya tun farko, da ya ce gari ne da ake ginawa a rushe. Wataƙila a Amurka haka ne, kowa ya koma inda ya fito. A nan ba a rushe komai. Matan da ke kafa rumfa tare da Inna su ne dai matan da suke adashi tare duk shekara, su ne a tasha, su ne a bakin asibiti. Mai ga-ruwan shi ne na unguwa. Bikin yana zuwa ya same su ne, ya wuce ya bar su da riba ko bashi. In ka fara fim ranar buɗewa ka rufe ranar takobi, ka yi irin na waɗanda kake kuka da su.

Ɗalibar Jami'a: Haka ma Maradi Kolliya a 2015. An yi bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, a nan garin, an yi kwalta da gine-gine, baƙi sun zo sun tafi. Fim ɗin da nake so in gani shi ne wanda zai koma wuraren nan yau ya ga wanne ke aiki wanne ya zama wurin kwanan awaki, ya tambayi waɗanda aka tayar da rumfunansu don a gyara hanya ina suka koma.

Shugaban Zaure: A yi hattara, kada mu faɗa siyasa. Dokar zaure tana nan.

Ɗalibar Jami'a: Ba siyasa ba ce ranka ya daɗe, kwalta ce.

Direba a Amurka: Wani abu kuma da ya sa ɗaukar ke da muhimmanci: biki yana iya mutuwa. Na Mali da ake yi a hamada wajen Tumbutu, wanda ya fara a 2001, Buzaye da mawaƙan duniya suna haɗuwa a kan rairayi, na ƙarshe shi ne na Janairun 2012. Yaƙi ya zo, ba a sake yinsa a can ba. Abin da ya rage shi ne abin da masu fim suka ɗauka, kuma yawancinsu baƙi ne, don haka dandali da raƙuma suka fi yawa a ciki. Yadda tsaro yake a yankinmu yanzu, ba wanda zai rantse cewa duk taron da muka saba zai ci gaba yadda yake.

Bafillacen Dakoro: Wannan gaskiya ne. Hanyoyin da ake bi da shanu ma ba kamar da ba, gonaki sun ci wasu, tsoro ya hana wasu. Amma Mai Kamara, in ka zaɓi na arewa, kada ka zo a watan tara da rana tsaka ka ce ka zo fim. Ka zo tun rani, lokacin da ake jan ruwa a rijiya mai gaba arba'in, ka sha shayi da dattawa, su san ɗan wa ne kai. Kuma ba Fulatanci kake ji ba, wannan ma matsala ce.

Mai Kamara na Zariya: Shi ya sa nake ganin kokowar ta fi kusa da ƙarfina. Harshena ne, garina ne. Abin da nake tunani yanzu: mutum uku. Inna mai tuwo, in ta yarda. Ɗan kokowa ɗaya na ƙauye wanda ba a sa ran zai kai ko'ina, tun daga zaɓen jiha, ba manyan zakaru irin su Isaka Isaka da kowa ke bi ba. Sai makaɗi ko mai share fili. Muryar Malam kuma ta ratsa ciki. Sai dai gasar tana zagayawa ne, ba kowace shekara take zuwa nan ba.

Ƴar Mai Tuwo: Zaɓen jiha ai a nan ake yi duk shekara, kuma Inna tana fita. Zan yi mata magana, amma na san abin da za ta ce. Ba za ka ɗauke ta tana lissafin kuɗi ba, ba za ka nuna fuskar masu cin bashi ba, kuma sai ta kalla kafin kowa ya kalla. Sannan Baba sai ya yarda.

Tsohon Mushe: In ka cire lissafin kuɗin ka cire rabin fim ɗin.

Ƴar Mai Tuwo: To Baba Mushe, sai ya san dabarar da zai yi. Mace ba ta ƙirga kuɗinta a gaban gari, gobe masu neman rance su cika mata gida.

Alhaji Mai Shago: Ni har yanzu ban ga kuɗi a ciki ba. Amma in batir da memori ne, ka zo shago, ka biya bayan salla.

Ɗan Manga: Alhaji ka rubuta a littafi, na san shi.

Mai Kamara na Zariya: Na gode Alhaji. Abin da ya fi damuna sauti ne, filin kokowa ganga da lasifika ba sa barin a ji maganar mutum ko yana kusa da kai. Akwai mai ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga da zai ara mini, ko wanda ya san nawa yake a Kano yanzu?

Direba a Amurka: Kada ka saya tukuna. Akwai mai zuwa gida wata mai kamawa, zan duba in kayansa ba su yi nauyi ba. Turo mini irin wayarka da kamararka ta gefe, don ba kowanne ke shiga kowace ba.